Faifan Uwata da Faifan Mijina

Faifai iri biyu ne a gidana, kuma har mijina ya rasu ban taɓa kawo wa raina akwai wanda zai rikita su ba. Akwai na kicin, waɗanda mahaifiyata ta saƙa da hannunta ta sa mini cikin kayan ɗaki, masu jan baki da zanen kore a tsakiya. A ƙasan akwati na taho da su London. Da su nake rufe ƙwaryar fura, da su nake bakace, in kuma zafi ya matsa a flat ɗinmu na council, gidan hayar hukuma, a Edmonton, da su nake fifita. Sai kuma baƙaƙen na garmaho, kwali guda, a cikin kabad ɗin falo. Waɗannan na mijina ne.

Direban bas ne shi. Wata Lahadi ya tafi kasuwar gwanjo neman hita ta ɗumama ɗaki, ya dawo da tsohon garmaho da kwalin faya-fayai, babu hita. Na yi faɗa ranar. Da ya ɗora na farko na ji wani ƙaton mutum yana kurma ihu da yaren Italiya, sai na ruga na rufe taga. Ni mai fargaba ce, haka Allah Ya yi ni. In na kashe gas sai na dawo na taɓa shi, in na idar da salla sai in zauna ina tuhumar kaina ko na rage wani abu. Abin da ya fara zo mini shi ne matar da ke ƙasanmu za ta kai ƙararmu council a ce mun dami mutane.

Mafi yawan faya-fayan na mutum ɗaya ne, wani mawaƙin opera na Italiya da duniya ta sani. Ni ban san shi ba, ban kuma damu in sani ba, har wata ranar Asabar ina wanke-wanke na ji wata murya ta taso daga falo. Siririya ce, mai haske, kamar an goge tasar tagulla an sa ta a rana. Ta yi ta hawa, ina jira in ji inda za ta tsage, ba ta tsage ba. Da ta kai ƙololuwa sai ta zauna can abinta, sannan ta sauko a hankali ta siranta kamar zare, har na daina bambance ta da ƙarar allura. Na fito da kumfa a hannu.

Na ce, "Wannan wani ne daban?"

Ya ce, "Shi ne dai. A nan yana saurayi."

Ya miƙo mini bangon faifan. Wani yaro ne mai baƙin gashi, fuska ba gemu, kwat ta ɗan yi masa yawa, yana kallon gefe kamar wanda aka ce ya jira a kira shi. Ya ɗauko wancan na ranar farko ya jera su. Mutumin ya yi jiki, ya ajiye gemu, ya buɗe hannuwa kamar zai rungume gari.

Karatuna bai wuce firamare ba, rubutun bayan bangon sai mijina ya karanta mini. Da hoto na fara rarrabe su, daga baya na daina buƙatar hoton. Daga kicin nake ganewa. Muryar tsufansa babba ce, ba na raina ta, amma za ka ji ana tura ta, kamar mai hawa bene da kaya. Ta ƙuruciya ba wanda ke tura ta. Akwai faifai ɗaya da aka ɗauka a wani ƙaramin ɗakin wasa tun ba a san shi ba, ana jin mutane suna tari, kujera tana ƙara, kuma kafin ya ɗauki dogon wurin nan ana jin ya ja numfashi da sauri, irin na mai tsoro. Wannan numfashin nake jira kullum. Ina jin tsoron tare da shi, duk da na san zai haye, tunda ya haye jiya ya haye shekaranjiya.

Mijina ya raba kwalin biyu, na ƙuruciya a dama, na tsufa a hagu. Yakan ce, "Wancan yana ɗauke da sunansa a ka, shi ya sa muryar ta yi nauyi. Wannan bai da komai sai muryar." Na taɓa matsa masa ya gaya mini abin da ake faɗa a waƙar, don kada ya zama saɓo nake saurare ban sani ba. Ya juya bangon ya karanta, ya ce wani talaka ne ke kukan an raba shi da wadda yake so. Na ce in dai wannan ne, a unguwarmu ma an yi.

Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne muryar tana tuna mini da tasa. Lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Kano, in ya yi sallama a zaure har ɗakin kakata da ke ƙarshen gida ana ji, kuma ba ɗaga murya yake ba. Ƙannena kan ce ga mai ƙararrawa ya zo.

Ciwon maƙogwaro ne ya kama shi. Bayan aikin da aka yi masa a babban asibitin nan na Camberwell, sai raɗa ta rage masa. Mutumin da fasinja ke ji daga ƙarshen bas, ya koma sai na kai kunne bakinsa. A wannan lokacin bai ƙara taɓa ɓangaren hagu na kwalin ba. Da hantsi, in ya sha magani, zai nuna mini kabad da haɓa, in ɗauko in ɗora masa. Yana zaune yana motsa leɓe tare da yaron, in an zo wurin numfashin nan sai in ga ƙirjinsa ya ɗaga shi ma. A haka har Allah Ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba yayansa ya zo. Ɗan kasuwa ne, yana da gida a nan London inda 'ya'yansa ke karatu, yana zuwa yana komawa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya tsaya a kan jana'iza, ya yi hidima. Amma duk tsawon jinyar nan, zuwansa ɗaya, shi ma a tsaye, mota na jiransa a ƙasa. Ranar ya zauna a falo shi da 'yata, wadda nas ce, haihuwar nan. Ni ina gefe a kan darduma. Ta tashi haɗa masa shayi, shi kuma ya buɗe kabad yana neman takardun mamaci, sai ya ci karo da kwalin. Ya zaro ɗaya daga hagu ya duba.

Ya ce, "Au, wannan mutumin. Ai na san shi, na sha ganinsa a talabijin. Ƙato mai ihu. Wannan ne ɗan'uwana ya ƙare rayuwarsa yana saurare?"

Na so in ce ba wannan ba ne, ɗauko na dama.

Ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah a kan mijinki. Shi ya kawo su gidan nan. Duk ranar da aka kunna, shi za a rubuta wa. Yana can yana bukatar addu'a, ku kuna nan kuna aika masa da kiɗa."

A daidai lokacin wayarsa ta yi ƙara, kuma ba karatu ne ya tashi ba, kalangu ne da maroƙi yana wasa wani attajiri. Ya kashe ta bai ko ji nauyi ba. Amma maganarsa ta riga ta shige ni. Ya san inda zai taɓa. In da cewa ya yi abin ƙazanta ne, ko abin kunya, da na share. Cewa ya yi ina ƙara wa mijina nauyi a kabari, ni da ko ruwan wanka ban taɓa bari ya yi masa zafi ba.

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa 'yata, da Hausa, da ƙarfi don in ji, "Gobe ki kwashe faya-fayan nan duka ki fitar da su daga gidan nan. Kada ki bar ko ɗaya." Ta ce, "To, Baffa."

Washegari na shige ɗaki na rufe, don kada in ga fitarsu. Na ji motsinta, na ji ƙarar leda, na ji ta ja ƙofa. Na yi kuka kamar an sake yin rasuwar. Daga ranar ko kallon kabad ɗin ba na yi, in zan wuce sai in juya fuska. Ina gaya wa kaina na yi abin da ya dace, zuciyata kuma tana tafasa. Mutum ya shigo gidan da bai yi jinya a ciki ba, ya ɗaga faifai ɗaya, ba ma daga ɓangaren da ya kamata ba, ya yanke hukunci ya tafi.

Matan unguwa ne ke kawo mana abinci a lokacin, don haka na daɗe ban shiga kicin da niyyar girki ba. Ranar da kwanukan suka fara ja baya, na ce bari in dama fura. Na dama, na miƙa hannu bayan ƙofa inda nake rataye faya-fayaina, hannuna ya taɓa bango. Ƙusa kawai. Na duba saman firji, na duba bayan buhun shinkafa. Na fara zargin kaina ko na ba wata aro na manta, har na fara jin kunyar yadda zan tambaya.

Da 'yata ta dawo daga aiki na ce, "Ke, ina faya-fayaina na kicin?"

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa rabi da rabi take yi. Ta ce, "Umma, ai na yi dropping ɗinsu a charity shop. Baffa ne ya ce."

"Baffa ya ce me?"

"Ya ce in fitar da faya-fayai. A gabanki ya faɗa, ba ki ce komai ba."

"Na garmaho yake nufi."

"Records ɗin Abba? Su ma faifai ne sunansu?"

Na zauna a kan kujerar kicin. Tun tana rarrafe take jin ina cewa miƙo mini faifai in rufe tuwo. Ubanta kuwa da Turanci yake mata maganar nasa. Ba ta taɓa jin an kira su da sunan Hausa ba sai ranar, kuma lokacin da baffanta ya buɗe kabad tana can tana haɗa masa shayi.

Na ce, "Ba ki tambayi kanki me faifan rufe fura ya yi wa mamaci ba?"

Ta ce, "Na yi mamaki. Na ɗauka wata al'ada ce ta takaba. Kullum akwai wadda ban sani ba, in na tambaya a ce ni Baturiya ce."

Na tashi na buɗe kabad. Kwalin na nan yadda ya bar shi, yaron na dama yana kallon gefe. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini wuri ɗaya, har na rasa wanda zan fara ji.

Da gari ya waye ta koma shagon, inda ake sayar da kayan da mutane suka bayar sadaka. An sayar da su tun ranar da ta kai. Matar shagon ta ce sun yi kyau ƙwarai, wata ce ta kwashe duka za ta jera a bangon falonta. Saƙar uwata, wadda ta zauna a inuwar ɗakinta ta yi idonta na ruwa, yanzu tana rataye a bangon wadda ba ta san me ake rufewa da ita ba. Uwata ta rasu, babu mai saƙa mini wani. Yarinyar ta yi ta kuka tana ba ni haƙuri. Ban ga laifinta ba. Laifin na wanda ya shigo gidan mutane yana ba da umarni a kan kayan da bai san su ba ne. Da marfin tukunya na rufe furar ranar.

Sai kuma wata damuwar ta taso. Yayan mijina zai dawo in na fita takaba, don a zauna maganar gado, kuma na san zai tambaya. 'Yata ta ce, "Umma, in ya ce an fitar da faya-fayai, ki ce e. Gaskiya ce ai. An fitar."

Na ce, "Gaskiya ce a baki. Shi abin da zai fahimta daban."

"To ba ke kika sa shi ya fahimta ba."

"Allah Ya san abin da nake nufi ko da shi bai sani ba."

Ta ce ni dai ba na barin kaina in huta. Haka ne. Na yi ta juya abin har abinci ya daina shiga. In na ce e, na yi ƙarya da kalmar gaskiya. In na faɗa, zai sa a kwashe su a gabana, wannan karon ba kuskure. In kuma maganarsa daidai ce, ina riƙe da abin da ke cutar da mijina don daɗin kunnena. Ban kunna ko ɗaya ba duk tsawon takabar, amma nakan buɗe kabad in duba ko suna nan, kamar yadda nake yi wa gas.

Malamar da ke koya mana karatu ran Asabar ta zo gaishe ni, na kasa riƙewa na zayyana mata. Ta yi dariya har ta share hawaye a kan faifan kicin, sannan ta nemi gafara. Ta ce maganar kiɗa malamai sun yi saɓani, ita ba za ta yanke mini ba, in tambayi wanda ya fi ta. Amma abu biyu ta sani. Abin da na kunna da hannuna, ni za a tambaya. Kuma duk abin da mamaci ya bari, ko tsinke ne, na magada ne, ba mai ikon zubar da shi kafin a raba. Wannan ta biyun ta tsaya mini. Wato ashe har haƙƙin 'yata aka so a sa ni in zubar, ni da nake tsoron cin ƙwayar shinkafar da ba tawa ba.

Yayan mijina ya zo da la'asar, bayan na fita takaba. Aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a. Yana kurɓar shayi ya ce, "An fitar da faya-fayan nan ko?"

'Yata ta kalle ni.

Na ce, "Yaya, an fitar da na mahaifiyata, na rufe abinci. Yarinya ba ta gane ba. Na ƙaninka suna nan."

Ya fashe da dariya. "Na kicin? Kai, yaran London. To ai ba komai, na kicin a kasuwar Kurmi tuli suke, zan sa a kawo miki. Ɗauko waɗancan in tafi da su a mota."

Wannan ba komai ɗin ita ta buɗe mini baki. Na ce, "Na kasuwa ba uwata ta saƙa su ba. Waɗannan kuma ba za su fita ba."

"Hajiya, na gaya miki abin da ke ciki."

"Ka gaya mini. Ƙaninka ne ya saya, amma yanzu ba shi zai kunna ba, ni ce. In akwai laifi a rubuta mini. Tunda rabon gado ka zo, a sa su cikin tumunina."

"Wannan tarkacen ba dukiya ba ne da za a sa a gado."

"In ba dukiya ba ne, ba wanda na ci wa haƙƙi in na riƙe."

Ya juya wajen 'yata ya ce, "Kina jin uwarki?" Ta ce, "Ina ji, Baffa. In akwai rabona a ciki na bar mata."

Ya ajiye kofi. Ya ce shi dai ya fita haƙƙinmu, kuma bai ga abin da ke cikin ihun ƙaton nan ba da har mace mai shekaruna za ta tsaya musu da yayan mijinta. Na ce wanda ya gani a talabijin tsoho ne, ƙaninsa saurayin yake saurare, in yana so in ɗora masa ya ji. Ya ce Allah Ya kiyaye. Aka gama sauran maganar a daƙile, ya tafi bai gamsu ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Faya-fayan kasuwar da ya ce zai aiko ma ban gan su ba, ban kuma tambaya ba.

Da ya fita na zauna ina tuhumar kaina ko na ɗaga murya ga babba. Na tambayi 'yata, ta ce ko ita da ke kusa da ƙyar ta ji ni. Ta ce, "To a kunna?" Na ce ba yau ba, kada ya zama don haushi na yi.

Washegari da hantsi, lokacin da marigayi ya saba shan magani, na goge ƙurar garmahon da gefen zanena. Na ɗauko na ƙaramin ɗakin wasan nan daga dama. Na rage ƙara saboda matar ƙasa, na sake ragewa. Allura ta sauka, mutanen suka yi tarinsu, kujerar ta yi ƙararta. Na ce a raina, ya Allah, ni na kunna, ba shi ba. 'Yata ta fito daga ɗaki da kayan aiki a jikinta ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Umma, wannan ɗin shi ne faifai."

Na ce, "Shi ne. Yi shiru, ga inda zai ja numfashi."